Igiyar Awon Baba Ta Je Guangzhou

Litinin: Kano zuwa Legas

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita daga gidanmu a Fagge, cikin watan Mayun 1998. Dala dubu biyar na ɗinke a ƙugu, ga kuma wata igiyar buhu da Inna ta cusa mini a aljihu. Igiyar tsawon Baba ce cif. Yana barci ta auna shi, don a farke ba zai yarda ba.

Yayar Baba ɗaya ta rage, Gwaggo Delu, a Kumasi. Shekara goma sha ɗaya ba su ga juna ba, ta kuma aiko cewa ƙarfinta ya soma ƙarewa. Jirgi dai Baba ya rantse ba zai hau ba, ga ciwon baya. Likita ya ce in zai riƙa tsayawa bayan awa bibbiyu ya miƙe a kan gado, zai iya tafiyar. Shi ne na ƙudura sayo ɗaki mai taya wanda Fijona za ta ja. Abokai suka yi ta dariya, wai wasu atamfa suke sarowa, ni ɗaki zan saro.

Laraba: Hong Kong zuwa Guangzhou

Bayan canjin jirgi sau ɗaya na sauka Hong Kong, ƙafafu a kumbure. Jirgin ƙasan ƙarfe goma ya kai ni Guangzhou cikin awa biyu da 'yan mintoci. Wani ɗan kwastan ya zaro igiyar, ya jujjuya, ya dube ni kamar zai ba ni sadaka, ya mayar.

Malam Isuhu, mutumin Damagaram da ya yi karatu a can ya zauna yana kasuwanci, shi ya tarbe ni. Ya sauke ni wani masauki kusa da tashar, yuwan tamanin na kuɗinsu kwana ɗaya. Muka ci taliyar da Musulmin Sin ke ja da hannu, ni da tsinken nan biyu muka yi ta kokawa har na haƙura na nemi cokali.

Alhamis: neman ɗaki

Wuri uku muka zaga, ko'ina amsa ɗaya ce: "Meyo," wato babu. Sai wani direban tasi ya kai mu kilomita arba'in bayan gari, inda ake ƙera wa injiniyoyin hanya irin ɗakunan. Maigidan, wanda kowa ke kira lawban, ɗan guntu ne mai fara'a.

Na farkon da ya nuna mana, wallahi zuciyata ta biya. Ga firji, ga talabijin, ga labule mai fure. Na shimfiɗa igiya a kan gadon, sai taƙi guda ya yi reto a ƙasa.

Isuhu ya ce, "Alhaji, ko da gadon ya isa, wannan Fijonka ba za ta ja shi ta hau tudun Zariya ba. Nauyi gare shi."

Na biyun ba shi da ko madubi, amma igiya ta kwanta har da rara, ga shi marar nauyi. Muka hau ciniki da kalkuleta, lawban ya danna ya miƙo, na danna na miƙa, har muka tsaya a dala dubu uku da ɗari biyu. Na ware dubu ɗaya da ɗari biyu na kwantena. Ɗari shida da suka rage na yi niyyar ƙaramin firji da rigunan kasuwar Shisanhang na sayarwa, ko na fanshe kuɗin jirgi.

Muna shirin sa hannu ruwa ya kece, ga azahar ta yi. Na ce bari in yi a cikin ɗakin, in buɗe shi da alheri. Ina miƙewa zan kabbara, kaina ya daki rufi, ƙum. Ni da ko kunnen Baba ban kai ba.

Duk hankalinmu ya tafi ga kwanciya, mun manta Baba, duk da ciwonsa, bai taɓa sallah a zaune ba. Ɗakin da ba zai miƙe a ciki ba, ko ƙafa ba zai sa ba.

Na ɗaga igiyar a tsaye, lawban ya hau kujera ya yi alama da alli. Isuhu ya ce, "Tsaya. Da hula Innarka ta auna shi?"

"Barci fa yake."

"To ƙara taƙi."

Ya cire doguwar hularsa ya ɗora a saman igiyar. Lawban ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya danna kalkuleta: ɗari shida a ɗaga rufin. Na dubi lambar, na yi wa firji da riguna sallama. Ban taɓa rabuwa da kuɗi da farin ciki irin na ranar ba.

Gida

Mako tara bayan dawowata ɗakin ya iso Legas. Kwana biyu na yi ina jan sa zuwa Kano, a kowane shinge 'yan sanda su leƙa su tambaya asibiti ne ko shago. Da la'asar na shiga unguwa, maƙwabta suka cika ƙofar gida.

Baba ya fito da sandarsa da hularsa. Gadon da na ƙetare duniya saboda shi ko kallo bai yi masa ba. Ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya miƙe sosai, ya ɗaga hannaye daidai kunnuwa. Tsakanin hula da rufi akwai yatsa uku. Na gode wa Allah a raina, na gode wa Isuhu da hularsa.

Baba ya daɗe a tsaye. Da ya juyo idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Je ka cika mota da mai. A aika wa Yaya ta ɗora tukunya, jibi za mu taso."