Fulogi biyu a bakin tiyo

'Yata ta biyu tana da ciwon sikila, kuma ba abin da ke tayar mata da shi kamar sanyi. Da ya ratsa ta sai ƙasusuwa su ɗauka, ta dunƙule tana salati. Duk wata nakan kai ta ganin likita a Zariya cikin tsohuwar motata, mu bar Ikara da an sallame asuba don mu kama layi da wuri.

A hunturun shekarar da ta cika tara, wata safiya aka tashi da sanyin da ko alwala sai da ruwan ɗumi. Uwarta ta naɗe ta da bargo, ta ce mu bari rana ta ɗaga. Na ce ai motar akwai hita. Na faɗa ina cika baki, alhali tun da na sayi motar ban taɓa murɗa makunninta ba.

Na murɗa. Fanka ta yi gurnani, ta huro mana iska mai sanyin randa. Na ce wa yarinyar ta yi haƙuri, inji ne bai gasu ba. Muka yi ta tafiya, iskar ba ta sauya ba, ni kuma taurin kai ya hana ni kashewa. Kafin mu kai Makarfi na ji ta a kujerar baya tana cewa, "Baba, ƙafata." A ranar aka ba ta gado a asibitin Zariya. Na tsorata ƙwarai, har na kasa kallon uwarta.

Da na ga an ɗaura mata ƙarin ruwa, sai na ɗauki motar da fushina na nufi garejin wani dattijon bakanike a Makarfi. Tun kafin mu gama gaisawa na fara zagin kanikawa, na ce duk sun cinye mini mota. Ya ce in tayar da ita, ya duba ruwan lagireto ya ga cike yake, ya jira inji ya yi zafi. Sannan ya zura hannu can bayan inji yana laluba.

"Malam, zo ka gani."

Tiyo biyu ne, an yanke su. Kowanne an cusa masa tsohon fulogi a baki, an ɗaure da waya.

"Akwai wani ɗan ƙaramin lagireto a ciki, ta wajen ƙafafunku," in ji shi. "Ruwan zafi ke bi ta waɗannan ya shiga cikinsa, fanka ta huro muku ɗumi. To an toshe hanyar. Ba yau ba kuwa, dubi tsatsa."

Na buɗe baki zan tambayi wane azzalumi ne ya yi wannan, sai maganar ta maƙale. Na tuna wata bazara a Hunkuyi, shekara huɗu baya, mun je gaida surukaina. Ruwa ya riƙa ɗiga a ƙafar matata, na tsaya wurin wani bakanike. Ya ce abin ɗumama mota ne ya huje, sai an kwance gaban motar an sake wani. Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce, "A ƙasar nan wa ke neman zafi? Toshe shi kawai." Kowa haka yake yi a wajenmu. Yarinyar tana zaune a baya tana shan mangwaro.

"Ka san wanda ya yi aikin?" dattijon ya tambaye ni.

"Na san shi, Baba."

Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Ya ce ƙaramin lagireton ya ruɓe, sai an nemo wani a Kano.

Sati biyu ta yi a asibiti. Ta fito tana ɗingisa ƙafar hagu, har yau kuma in sanyi ya shigo ɗingishin yakan dawo. Ranar da aka sallame ta, hita tana aiki. Ta miƙa tafin hannunta gaban iskar tana murmushi, ta ce, "Baba, ka gyara mini."

Uwarta ta tambaye ni me ya samu motar tun farko. Na ce tsufa ne. Shekara shida ke nan, kuma abin da ta sani ke nan har yanzu.