Yatsan da Bai Taɓa Wanki Ba

Gwaggo Kumfa ake ce mata, don tun tana da jan sawu ba a taɓa ganin hannunta babu kumfar sabulu ba. Wankau take yi. Zannuwan gado, labulaye, kayan makarantar 'ya'yan mutane, duk a bahonta suke kwana. Da bahon nan ta yi jinyar mijinta har Allah Ya karɓi abinSa, da shi ta aurar da 'ya'ya.

Yatsunta tara ne ke wannan bauta. Na goman, ƙaramin na hagu, ƙofar ƙarfe ta datse shi tun tana amarya, ya warke a sandare. In tana cuɗa kaya sai ya miƙe sama yana kallon 'yan'uwansa, ko jiƙewa ba ya yi sosai. Ta sa masa suna Ranka-ya-daɗe. In ta shiga mutane kuwa, cikin gefen mayafi take ɓoye shi.

Ana nan sai Autarta, wadda aure ya kai wata ƙasa mai nisa, ta bugo waya tana kuka. Cikin fari ne, ya tsufa, ba ta da kowa a can sai miji, shi ma kullum yana wurin aiki.

"Inna, ki zo. Wallahi tsoro nake ji."

Babban ɗanta, direba, ya ɗauke ta zuwa ofishin fasfo. Suka yi zaman benci har ƙafa ta yi tsami. Aka ɗauke ta hoto, aka ce kada ta yi murmushi, kamar da can an ga alamarsa. Sannan wata ma'aikaciya mai gilashi ta ce ta ɗora yatsu a kan wani ɗan akwati mai haske.

Ta ɗora. Akwati ya yi ja. Ta goge a zani, ta sake. Ja.

"Baba, injin bai gan ki ba."

"Bai gan ni ba? To ga ni nan, 'yar nan. Ko in matso?"

"Zanen yatsunki ne babu. Duk ya goge. Wane aiki kike yi?"

"Wanki."

"Shi ne. Ki je ki huta, kada ki taɓa ruwa da sabulu, ki riƙa shafa mai. Bayan 'yan makonni ki dawo."

Gwaggo ta dubi ɗanta. "Ka ji ko? Abin da ku da na haifa ba ku taɓa ce mini ba, yau hukuma ta faɗa."

Aka kafa dokar hutu a gida. Direba ya kife baho, matarsa ta karɓi wankin mutane don kada a rasa masu kawowa. Gwaggo ta zauna a tabarma, hannu sharkaf da mai, ko carbi zamewa yake yi. Tana kallon surukarta tana tsoma riga a ruwa tana fitarwa kamar mai gaisawa da ita.

"Wuyan rigar fa, 'yata?"

"Na wanke, Inna."

"Allah Sarki. To, shi wuyan bai sani ba."

Ta daure kwana biyu. A na uku, surukar ta tafi kasuwa ta dawo ta tarar da shanya ta canja kama, farare har suna kashe ido, Gwaggo kuwa na zaune tana shafa mai kamar ba ita ba. Mai hali ba ya fasa halinsa. Haka makonnin suka ƙare, ita kuwa Auta ƙafafunta sun fara kumburi.

Ranar komawa, akwati ya sake yin ja. Gwaggo ta janye hannunta. Ta fara lissafin abin da za ta ce wa Auta, tana jan mayafi za ta rufe hannu, sai mai gilashi ta ce, "Tsaya, Baba. Wannan da ya miƙe fa? Ai bai taɓa sauka kan akwatin ba."

"Bar wannan. Ba ya aikin komai."

"Kawo shi dai."

Sai da ta karkace kafaɗa kafin ya yarda ya kwanta. Akwati ya yi kore nan take, zane ya fito a allon kwamfuta raɗau, kamar na jariri. Mai gilashi ta rubuta cewa sauran sun goge, ta buga hatimi.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Tara sun yi bauta har sun ƙare, hukuma ba ta san su ba. Wanda ya tsaya yana kallo shi ne ɗan ƙasa."

A wurin biza ba ta ɓata wa kowa lokaci ba. Tana isa taga ta zare shi daga mayafi ta miƙa. "Ga mai gidan, da shi za ku yi magana."

Ta sauka ƙasar ana saura kwana kaɗan Auta ta haihu. Tana riƙe da Auta aka haihu, namiji. Da aka miƙo mata shi, ta yi masa addu'a, ta kai hannu za ta gyara masa zani. Yaro ya lalubo, ya tsallake tara, ya damƙe Ranka-ya-daɗe.

"Kai ma?" ta ce. "To, riƙe da kyau. Shi ya kawo ni."