Littattafan Madam Azara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris 1996, Allah ya karɓi ran Madam Azara Iliasu, malamarmu ta kimiyya a nan Bawku. Ta rasu a Yendi, a hanyarta ta zuwa gida Salaga.

Madam, ke kika fara gaya mana cewa furotin na jikinmu yana da abin kunnawa da kashewa, wato ɗan fosfet da ake liƙa masa, kuma akwai wani sinadari, enzayim, da aikinsa cire shi. Na tambaye ki a hankali, ko kowane enzayim yana cire kowane fosfet. Ba ki yi dariya ba. Kika ce in je kasuwar shanu in ga yadda dillali ke ratsa shanu ɗari ya kwance igiyar tasa kaɗai. Kika ce wani enzayim daga kan ɓangaren furotin da ake kira tairosin yake cirewa, wani daga kan wanda ake kira serin, kuma yakan duba abin da ke kewaye kafin ya taɓa.

Shekara shida kina bin wannan tambaya tun daga jami'a: yaya yake gane nasa? Littafi takwas kika cika da gwaje-gwaje da jan biro, kina jiran ranar da za ki koma ki ƙarasa. Kin taɓa ba ni na uku in kwana biyu da shi, kika ce in wanke hannu tukuna.

Kafin sadakar bakwai, yayanki Baba Mikaila ya zo kwashe ɗakinki. Muna tsaye mu ɗalibanki huɗu. Ya ware takardun Larabci ya naɗe su da kyau. Sai ya ɗaga littattafanki ya ce, "Yara, akwai sunan Allah ciki?"

Rashidatu, ɗaya daga cikinmu, ta ce babu.

"To, a ba masu ƙosai, su yi amfani."

Bai tambayi mene ne a ciki ba. Shugaban makaranta yana wurin, ya san abin da suke, ya tsaya yana duba agogo. Ni ma ina wurin, Madam. Na sunkuyar da kai kamar kullum, kunya ta hana ni buɗe baki. Fushina da su bai kai fushina da kaina ba.

Washegari na bi masu ƙosai ɗaya bayan ɗaya. Hajiya Damata mai ƙosai ta ce, "'Yata, da kin zo jiya! An cinye da su." Shafi talatin da ɗaya na samo, mai ya jiƙa rabinsu. Ina kwafe su da hannuna, har inda ban gane ba. Duk wanda aka naɗe wa ƙosai da rubutun jan biro a Bawku, don Allah kada ya yar, ya kawo ajinmu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya ba mahaifiyarki da dangi na Salaga haƙuri. Baba Mikaila ma ina yi masa ta'aziyya. Gaishe shi ido da ido ne kawai ban iya ba tukuna.