Shirun Daƙiƙa Tara a Faifan Bajamushe

Ƙarfe uku daidai na ranar wata Talata abin ya fara lalacewa, a saman benen wata coci a Lyon, lokacin da na durƙusa zan gaida tsohon.

Bajamushe ne, makaɗin ogan, wannan babban abin kiɗan coci mai tarin bututu da ake bugawa da hannu da ƙafa. A kansa nake rubuta kundin digirina na biyu a jami'a a Bron, gefen Lyon. Na san a wurin kawunsa ya fara koyo, na san malaman da ya bi da ɗaliban da ya yaye. Faya-fayansa kuwa na saurare su har maƙwabciyata ta daina amsa gaisuwata. A cikin ɗaya, wanda aka ɗauka a Paris yana matashi, akwai inda kiɗa ya tsaya cak na daƙiƙa tara, alhali babu tsayawar a takardar waƙar. Malamina ya ce makoki ne na ƙasar da ta fito daga yaƙi. Na rubuta shafi arba'in a kan shirun nan. Sai malamin ya ce in samo tabbaci daga bakin mai kiɗan, in ba haka ba kundina ba zai wuce bana ba.

Tsohon ya ba ni minti goma sha biyar, a rubuce. Da safe Gwaggona mai sayar da atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris ta kira ni a waya.

"Ke, tunda kiɗan coci kika baro Damagaram kika zo karantawa, kada ki ƙara mana da kunya. Dattijo ne. Ki gaishe shi yadda aka koya miki kafin ki buɗe masa littafin nan naki."

Da na durƙusa, sai ya leƙa ƙarƙashin bencinsa, ya zaci wani abu na yar. Na miƙe, na ce masa ya gajiya, da Faransanci. A gida amsar kalma biyu ce. Shi kuwa ya yi tunani, ya ce akwai gajiya sosai, ya ba ni labarin gwiwarsa ta hagu da abin da likitoci biyu suka saɓa a kai. Na ce ya iyali. Ashe ɗansa ya bar kiɗa ya koma gyaran haƙori, kuma maganar ba ta wuce masa ba. Na ce ya sanyi. Ya nuna mini yadda sanyi ke canza muryar bututu, har ya danna biyu in ji. Duk sanda ya gama, bakina da kansa yake jefo gaisuwa ta gaba.

Uku da kwata ya duba agogo, ya ɗaure takalman da yake kiɗa da su, ya ce bai taɓa haɗuwa da mai bincike da ta damu da shi haka ba. Na hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, da tambayata kwance a littafi, na ja mata layi da biro kala uku.

Bayan mako biyu ya je Paris wasa ranar Lahadi da la'asar, na bi shi can. Gwaggo ta ce sai ta raka ni. Da aka tashi mutane suka kewaye shi a bakin ƙofa, ni kuwa na maƙale a bango da ƙunshin kilishin da zan ba shi. Gefe guda wata tsohuwa na zaune, jakar takalmansa a cinyarta. Matarsa ce, na san ta a hoto. Gwaggo ta ja ni har gabanta.

"Madam, ɗiyar nan tana da tambaya, ta hana ta cin abinci."

Na rage murya na ce, "Gwaggo, gaisuwa fa?"

"Ke tafi can! Nan Turai ce, wa ke da lokaci? Yi magana."

Na buɗe littafin, na karanta tambayar, na haɗa da maganar makokin. Tsohuwar ta kalle ni, ta kalli mijinta daga nesa, sai ta yi dariya har da share hawaye.

"Makoki? Haka malaminki ya ce? Ni ce nake juya masa takarda ranar, watanmu biyu da aure. Shafi biyu ne suka manne da juna. Daƙiƙa taran nan, ɗiyata, shi yana hararata, ni ina lasar yatsa."