Baba Abiodun, Bakaniken da Ke Hana Mota Wuta

Kafin 'yan kasuwar Sabon Gari su gama buɗe shaguna, Baba Abiodun ya riga ya shimfiɗa kwalinsa a ƙarƙashin wata bas. Bakanike ne haifaffen Zariya, kuma yawancin motocin da ke jigila tsakanin Samaru da Sabon Gari sun bi ta hannunsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, domin yanar ido ta rufe masa gani. Tun da na ji, hankalina bai kwanta ba. Ɗana Kefas direban bas ne.

Roƙon direbobi ɗaya ne kullum: "Baba, a ƙara mata wuta." Wato a buɗe kafireta, a saki totur, su riga juna kaiwa ga fasinja. Shi kuwa sai ya ce, "Wace wutar? Ta inji ko ta lahira?"

Ina wurin ranar da Kefas ya kai tasa motar.

"Baba, jiya Iyke ya wuce ni a Kwangila kamar ina tsaye. Har kwandastansa ya yi mini gwalo."

"Gwalo ya taɓa karya ƙafar wani?" Baba ya shafa tayar gaba. "Dubi, sanƙo kamar kan tsohonka. Yaro, inji ke ba da ƙarfi, giyar mota ta raba shi, lodi ya danne. Amma gudun da motarka ta mallaka shi ne wanda birkinta zai iya kashewa. Sauran aro ne."

Ya gyara birki, ya sa aka sauya taya, sannan ya ɗaura wata ƙusa a ƙarƙashin totur yadda ƙafa ba za ta kai shi ƙasa ba. Kefas ya daina gaishe shi. A tasha suka sa wa motar suna Kunkuru.

Shi ma Iyke ya nemi wuta, Baba ya hana, sai ya kai motarsa wani garejin aka buɗe masa. Da daminar bara taya ta fashe masa yana cikin gudu. Da shi da wasu fasinjojinsa ba su kwana a duniya ba. Mutane sun ga Baba a bayan coci ranar jana'iza, yana kuka yana cewa da ya ƙara lallashin yaron.

Baba, kai ne katangar da ake zagi ana jingina da ita. Ka yarda kwastomomi su gudu, ka yarda a kira ka tsoho mai tsoro. Saboda kai matata, uwar Kefas, ke zuba tuwo ta ga mai ci ya dawo. Na gode. Ubangiji ya haskaka maka abin da ya rage.

Ku kuma kanikawa matasa da motocin nan za su dawo hannunku, ina roƙonku da girman Allah ku bi sawunsa. Kefas zai zo neman wuta, na san ɗana. Ku hana shi. In ya zage ku, ku aiko a kira ni, zan zo in durƙusa in ba ku haƙuri.