Baba Maliki, Mutumin da Yake Bin Ruwa da Ƙafa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. A aji biyar na firamare na tsaya, kuma ni ko a gidan suna ba na iya ɗaga murya. Sau biyu ina yage takardar. Amma an yi wa Baba Maliki abin da na kasa haɗiyewa, don haka ga shi na rubuta, mai dariya ya yi.

Baba Maliki leburan gyaran hanya ne a Tungar Baƙo, ƙauyenmu da ke ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Benin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin, bana ya ajiye. Da an idar da sallar asuba zai saɓa shebur da diga, ya bi kwalbati ɗaya bayan ɗaya yana kwashe yashi da ledoji. Wannan shi ne aikin da aka ɗauke shi. Wanda ba a sa shi ba kuwa, da damina yake yin sa. Idan ruwa ya kece kowa na gudu ɗaki, shi sai ya rufa buhu a ka ya fita. Zai bi ruwan da ƙafa tun daga tudun maƙabarta har fadama, yana duba inda ya rabu biyu, inda ya kwanta, inda yake cin ƙasa. Har aka laƙaba masa Maliki Bi-Ruwa, ana faɗa ana dariya. Matarsa, Inna Sabuwa, ta ce ita ta daina faɗa tuntuni, sai dai ta ɗora ruwan zafi ta jira shi.

Shekara tara da suka wuce aka zo yi mana hanyar jar ƙasa. Da rani masu awo suka zo, ƙasa a bushe ƙayau. Suka tsara ƙaramin bututu kusa da masallaci, suka ce a bayan makaranta za a haƙa ramin ɗibar ƙasa. Ranar da katafila ta iso, Baba Maliki ya je ya zauna a gabanta, ya ɗora shebur a cinya. Mahaifiyata tana wurin. Ta ce injiniyan ya tambaye shi ko shi wane ne, da irin muryar da ake korar akuya.

Baba Maliki ya ce, “Yallaɓai, kai da rani kaz zo. Wurin ga da kake tsaye, watan takwas ruwa na kai maka ƙugu.”

Yini ɗaya kawai ya roƙa. Ya kira Arɗo Manu na rugar Fulani, ya kira manoman shinkafa, ya aika wa mata, aka ɗunguma da injiniyan a tsakiya. Arɗo ya nuna burtalin shanu da hanyar za ta datse. Mata suka nuna turbar rijiya. Manoma suka nuna inda ruwa ke shiga fadama, wanda in aka tare shi babu shinkafa. Kowa abinsa ya sani. Baba Maliki ne kaɗai ya san duk a wuri ɗaya suke haɗuwa, a kwarin da ke ƙasan tsamiya.

A nan aka gina babban kwalbati, ruwa na bi ta ƙasa, shanu da masu tulu na haurawa ta gefensa. Ramin kuma aka mayar da shi yamma da gari. Yau shi ne tafkinmu. Shanu na sha, ana buga bulo a bakinsa, mata na noman albasa da tumatir har bazara. Da a bayan makaranta yake, Allah kaɗai ya san yara nawa zai ci.

Ladan da ya samu? Mai gidansa a wurin aiki ya ce ya kunyata shi gaban baƙi, ya tura shi sharar tasha shekara guda. Ya share. Amma ko a lokacin, da hadari ya haɗo sai ka gan shi a kan keke yana dawowa.

Baba, kai ne ba ka da takarda amma ka san ƙasar nan kamar tsakar gidanka. Kai ne ka jiƙe don mu kwana a busasshen ɗaki.

Yanzu za a ƙara hanyar ta kai kasuwar iyaka. Muna so, wa zai ƙi? Sai dai da rani aka sake zuwa awo, kuma turakun da aka kafa sun ratsa kwarin da ke bayan unguwarmu. In aka cike wurin, ruwan ba shi da inda zai bi sai gidajenmu, ɗakin mahaifiyata ne kuma na farko. An kafa kwamiti, babu sunan Baba Maliki. Ranar Alhamis da la'asar aka yi taro a ƙofar mai gari, ina jin su ta bayan zana. Ya miƙe zai yi magana, sai Arzika, sakataren kwamitin, ya tare shi.

“Baba, zamna ka huta. Aikin ga na masu na'ura ne, ba na masu buhu a ka ba.”

Aka yi dariya. Cikin masu dariyar har da waɗanda matansu ke sayar da albasar tafkin. Baba Maliki ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida, bai tanka ba.

To ni na tanka, a wannan takarda. Na'ura ba ta taɓa kwana a garin nan da damina ba. Ba mu ce a kori masu ilimi ba, cewa muka yi su zaga da shi kafin su zuba ƙasa, su ji ta bakin Arɗo da manoma da mu mata. Duk garin da ke da irin wannan tsoho, ku neme shi tun yana da ƙafar tafiya. Samari kuma, ku bi shi ku koya.

Baba Maliki, mun gode. Allah ya saka maka, ya ƙara wa gwiwarka ƙarfi.

Ranar taron ban iya cewa komai ba. Amma ni ke sayar wa masu awon koko da ƙosai kullum a gindin tsamiya, kuma babu wata mai yi a kusa. Washegari da sassafe na ɗauki tukunyata na wuce su, na kai ta ƙofar gidan Baba Maliki na sauke. Na dawo na tsaya gaban injiniyansu, idona a ƙasa.

Na ce, “Yallaɓai, kokon yau yana gidan Baba Maliki. Mai so ya biyo ni.”

Na juya ban waiwaya ba. Ina dai jin takun takalma a bayana.