Faifan Labbo da Na Riƙe Ban Saurara Ba

Bana shekara shida ke nan da muka kai Labbo Direba makwancinsa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma babu dalilin da zai sa su ji. Bai riƙe muƙami ba, bai bar gida ko gona a Kaduna ba, ko hotonsa ba ni da shi. Direban ma'aikatarmu ne, mutumin Zamfara, dogo, mai ƙarancin magana, yana haya a Badarawa shi da matarsa Inno. Amma akwai wata magana da ya kamata in faɗa masa tun yana raye ban faɗa ba, ta kuwa hana ni sakat, shi ya sa na ce bana sai na fitar da ita.

A wancan lokaci ana aiki ranar Asabar, a tashi da azahar. Da an yi la'asar sai mu hallara a barandar Alhaji Sule, wani babba a ofishinmu, a Unguwar Dosa. Shi ke da garmaho irin babban nan mai kama da kabad, wanda uwargidansa ke lulluɓewa da mayafi kada yara su taɓa. Kowa zai zo da faifansa a hammata, a sa, a saurara, sannan a yi ta musu har a kira magariba. Ba mu taɓa wuce mutum bakwai ba, amma in ka ji hayaniyarmu daga titi sai ka ɗauka rabon gado ake yi.

Kowa da inda ya kafe. Alhaji Sule mutumin kiɗan Sudan ne, tun da ya bi ta can a hanyar Makka ya dawo yana ganin duk wanda bai iya kaɗa molon Larabawa ba wasa yake yi. Yana da wani faifai da yake cewa in gobara ta tashi shi zai fara ɗauka kafin takardun gida. Malam Isiyaku, malamin makaranta, Bakano, ba ya jin komai sai kalangu da kukuma, kuma a wurinsa waƙar da ba ta da habaici ba ta cika waƙa ba. Ni kuwa a lokacin saurayi ne mai ji da kansa, ina kula da fayil-fayil a ofis, na sa wando mai faɗin ƙafa, na yi imani cewa jitar mutanen Kongo da kiɗan Ikko su ne wayewa. Ban jin ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗi, amma hakan bai hana ni yi wa mutane fassara ba.

Muna da al'ada, Alhaji Sule ne ya kafa ta. Idan allura ta hau faifai ba a magana sai an ji fuska biyun duka. Wanda kuma ya kushe faifan wani, to shi zai tafi da shi gida, ya yi mako guda yana saurare, ranar Asabar ya dawo da shi, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi ko yana nan kan bakansa ko ya sauka. Ba a mayar da faifai a ɓoye, ba a aiko da shi, sai a majalisa kuma da hukunci. Wannan al'ada ta sa na ga Malam Isiyaku ya dawo da faifan Sudan yana sosa ƙeya, yana cewa ba laifi, akwai ɗan abin ji. Mun yi wata guda muna tsokanarsa.

Labbo ya shigo cikinmu ne saboda shi ke kawo Alhaji gida. Tun yana zama a mota har Alhaji ya ce ya hau baranda, kuma ba a jima ba muka gane ya fi mu kunne. Shi ne zai ce a cikin 'yan amshi akwai wanda ke makara, ko ya ce an sake makaɗi tsakanin wannan fuska da waccan, a mayar da allura a ji, sai a tarar haka ne. Ya fi shekara yana zuwa bai taɓa kawo nasa ba. Idan an tambaye shi wane faifai ya fi so sai ya yi murmushi ya ce, "Ni dai ina jiyawa, ku ad da ilimin abin."

Wata Asabar cikin damina, an gama ruwa ke nan, sai ga Labbo da ɗan ƙaramin faifai a naɗe cikin tsohuwar jarida. Ya ce a Babbar Kasuwa ya samo shi, waƙar noma ce, mawaƙin daga yankinsu yake. Ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Aka sa. Ganguna suka tashi da ƙarfi, ɗaukar sautin ma ba ta da kyau, muryar mawaƙin a dishe, 'yan amshi suna ihu ta bayansa. Ban bari an kai ko rabin fuskar farko ba. Na yi dariya na ce, "Haba Labbo, mun baro ƙauye mun zo Kaduna, ka biyo mu da shi har baranda? Wannan ai sai a kai gona a kori birai."

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar nan ce ta ƙara mini ƙarfi, na yi ta zuba. Alhaji Sule ya ɗaga allurar. Labbo ya tashi, ya karɓi faifansa, ya goge shi da hannun riga, ya mayar cikin jaridar, ya ajiye a cinyata.

"To, Akawu, ka kushe shi, kai ad da shi. Ka tai ka jiya. Amma don Allah ka juya shi, ta biyun nan ita ta sa nis sayo shi."

Na kai shi gida na ɗora a kan kabad. Ina da ɗan garmahona mai aiki da batir, babu abin da ya hana ni sawa sai girman kai. Asabar ta zagayo na ce na manta. Wadda ta biyo na ce aiki ya yi yawa. Gaskiyar magana, tsoro nake ji. In na saurara ya burge ni, dole in tsaya gaban mutanen da suka yi mini dariyar goyon baya in ce direba ya fi ni kunne. In kuma na ce ina nan kan bakana ba tare da na ji ba, Labbo zai gane daga tambaya ɗaya. Sai na zaɓi abin da ya fi sauƙi, wato in yi ta ja har a manta.

Ba a manta ba. Alhaji ya tuna mini sau biyu, Malam Isiyaku ya ce in faifan ya haihu a gidana in kawo 'ya'yan a raba. Labbo kuwa bai fasa zuwa ba, bai ɓata rai ba, bai kuma sake kawo wani faifai ba. Sau ɗaya kawai ya yi mini magana. Ya gan ni a bakin kasuwa ina jiran mota, ya tsaya ya ɗauke ni, muna tafe ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Akawu, in ba ka da sukunin jiya tai, kawo shi hakanan a sa muna. Ina marmari nai." Na ce in Allah ya yarda Asabar mai zuwa. Damina ta wuce, aka yi girbi, ban kai ba.

Ana nan sai Labbo ya kwanta rashin lafiya, ciwon kuwa bai ɗauke shi da nisa ba. Zazzaɓi ne ya rikiɗe ya zama shawara, kwana tara a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Na je duba shi sau ɗaya, na same shi yana barci, na ji sauƙi a raina da ba mu yi ido biyu ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake kunyar tunawa.

Ranar sadakar uku ne na fara shiga gidansa, bayan shekara huɗu muna aiki wuri ɗaya. Ɗaki ɗaya ne da ɗan zaure. Da mutane suka ragu na nemi a yi mini iso wurin Inno, na yi mata gaisuwa daga bakin ƙofa, na ce akwai faifan marigayi a wurina, zan kawo mata. Ta ce daga bayan labule, "Malam, mi za mu yi da shi? Ai ba mu da abin sa shi. Shi ma bai taɓa mallaka ba. A rumfar mai saidawa yaj ji shi sau guda, yad dawo yana ta zance nai, yac ce gidan Alhaji za ya kai shi ya ƙara ji."

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Duk tsawon watannin nan ina ɗauka wasa ne tsakanin abokai, ashe mutumin sau ɗaya tak ya ji waƙar da ya fi so a duniya, a tsaye, cikin hayaniyar kasuwa. Wuri guda yake da shi da zai zauna ya ji ta a natse, ni kuwa na katse ta, na ɗauke ta na ɗora a kan kabad. Na tambayi mutumin nan ra'ayinsa a kan faifaina ba adadi, ban taɓa tambayarsa da me yake saurare a gida ba.

Asabar ɗin da ta biyo ban je Unguwar Dosa ba. Bayan la'asar na rufe ƙofa na sa faifan, na jure fuskar farko har ƙarshe, sannan na juya. Ta biyun babu ganguna masu yawa, ganga ɗaya ce a hankali. Mawaƙin yana ba da labarin wani da ya tafi birni neman abinci da niyyar damina ɗaya, shekaru suka yi ta wucewa, 'yan'uwansa suna nome masa gonarsa suna ajiye masa daminsa, kowace shekara suna cewa bana zai dawo. Babu zambo a ciki, babu roƙo, ba a ma ce ya yi laifi ba. Labbo ya yi shekara goma sha ɗaya a Kaduna, kuma a iya sanina sau biyu ya leƙa gida. Ba zai taɓa zama a baranda ya ce mana yana kewar gida ba, ba irin tarbiyyarsa ba ce. Faifai ya kawo ya faɗa a madadinsa. Na yi kuka a ranar, kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na yi niyyar in kai hukuncina majalisa, amma na kasa. Kullum sai in ce bari zuciya ta ɗan yi sanyi. Kafin ta yi, aka ƙirƙiro sababbin jihohi, Alhaji Sule ya koma jiharsu da garmahonsa a bayan babbar mota, Malam Isiyaku ya samu canjin wurin aiki, sauran kowa ya kama gabansa. Inno ta gama takaba ta koma gida. Na kai mata faifan kafin ta tafi, ta ce in riƙe, tun da shi ya ba ni da hannunsa.

Yanzu zamanin kaset ne. Tela yana da rediyonsa, mai shayi yana da nasa, direbobin tasi suna tafe kiɗa na tashi. Masu sayar da faifai a kasuwa sun fara mayar da rumfunansu wurin ɗaukar kaset, ka faɗi waƙoƙin da kake so a haɗa maka. Nakan tambayi kaina me Labbo zai ce. Ina jin zai yi murna, domin yau ɗan abin da direba ke samu ya isa ya ji abin da ransa ke so a motarsa, ba sai ya jira Asabar ba, ba sai wani akawu ya ba shi izini ba. Amma ina jin zai lura da abin da ni ma na lura da shi: kowa yana ji shi kaɗai, waƙa ba ta kai rabi ba an danna an wuce. Ban ƙara ganin inda mutum bakwai suka yi shiru har abu ya ƙare kafin su buɗe baki ba. Ban isa in yi wa kowa wa'azi a kan wannan ba, tun da ni na fara karya dokar tun ana da ita.

Idan na auna abin da ya rage na Labbo, ba shi da yawa a ido. 'Ya'ya biyu a Zamfara da nake jin labarinsu jefi-jefi, da wasu direbobi da ya koya wa aiki waɗanda har yau in an ambace shi sai sun ce mutumin kirki. A wurina kuwa ya bar wata ɗabi'a da ban da ita a da. In wani ya kawo mini abin da yake ƙauna, ko waƙa ce ko labarin garinsu, nakan kama bakina har ya gama, domin na gane sau da yawa ba ra'ayina ya zo nema ba.

Al'adarmu ta ce hukunci sai a gaban jama'a, kuma jama'ar da ta rage mini ku ne. To, Labbo, na ji faifanka, fuska biyun duka. Ta farko har yau ina ganin gangunan sun danne murya, kuma na san da kana nan za ka fi son in faɗi haka da in yi maka daɗin baki. Ta biyun kuwa, duk abin da muka sa a barandar nan babu wanda ya kama ƙafarta, har da nawa. Kai ne da gaskiya, na sauka. Haƙƙinka na kunne da na danne, ina roƙon Allah ya sa ka yafe mini, ya jiƙanka, ya sa ka isa gidan da ba a kewar komai a cikinsa.